Hasashen Masani Ba Hujja Ba Ne

Kwanakin baya muna zaune a majalisa bayan sallar isha'i, sai hira ta faɗa kan gawar wata baiwar Allah da aka tsinta a kango, har aka yi mata sutura ba a san wanda ya yi aika-aikar ba. Ƙanen wani abokina, yaro mai ilimi da ya gama jami'a, ya karɓe zancen. Ya ce, "Wallahi Yaya, da a Ingila ko Amurka ne da tuni an wuce wurin. Masanin halayyar ɗan Adam kawai za a kira. Yana ganin yadda aka yar da gawar zai faɗa maka shekarun mutumin, da sana'arsa, har da irin riƙon da aka yi masa yana yaro." Jama'a suka gyaɗa kai. Babu wanda ya tambaye shi inda ya samo wannan yaƙini, domin kusan dukanmu mun san wurin. A fim ya gani.

Maganar ta tsaya mini a rai. Ni ma ina kallon finafinan nan masu dogon zango, kuma ba kira nake yi a daina ba. Abin da nake cewa shi ne suna koya mana ƙarya mai haɗari: wai akwai gwanin da zai leƙa zuciyar mai kisa daga nesa ya nuna shi, 'yan sanda su je su ɗauko. Ba haka ake kama masu kisan ɗauki-ɗai-ɗai ba. A wurin da 'yan sanda suka riƙi hasashen masani kamar hujja kuwa, an kulle marar laifi, mai laifin ya samu sarari ya ƙara kashe wasu.

Abin da fim yake nunawa

Irin wannan fim ya daɗe. A Ingila an fara nuna Cracker a 1993, labarin wani masani mashayi kuma ɗan caca da yake taimaka wa 'yan sandan Manchester. Daga 2002 zuwa 2008 aka yi Wire in the Blood, inda Dokta Tony Hill yake sa kansa a matsayin mai kisan, ya yi tunani irin nasa har ya gano shi. Amurkawa suka kawo Criminal Minds a 2005, wanda da yawa daga matasanmu suka sani ta tauraron ɗan Adam da wayar hannu.

Tafiyarsu ɗaya ce. A tsinci gawa, 'yan sanda su rasa inda za su dafa. Masani ya iso, ya zagaya wurin, ya yi shiru, sannan ya buɗe baki: namiji ne, shekarunsa tsakanin talatin da arba'in, shi kaɗai yake kwana, wata mace ta taɓa wulaƙanta shi. Babban ɗan sanda ya yi gardama. Kafin awa guda ta cika an kamo mutumin, komai ya zo daidai da faɗar masani. Wanda ya rubuta fim ɗin shi ya ƙirƙiri mai kisan, shi ya ƙirƙiri masanin, to ta ina za su saɓa? Mai kallo kuwa yakan manta da wannan.

Abin da ya faru a Wimbledon

Ranar 15 ga Yulin 1992, da hantsi, aka kashe Rachel Nickell mai shekara 23 a filin shaƙatawa na Wimbledon Common a Landan. An caka mata wuƙa sau 49 a gaban ɗanta ɗan shekara biyu. Ƙasar ta ɗauki zafi, jaridu suka sa 'yan sanda a gaba.

'Yan sanda suka nemi taimakon Paul Britton, masanin halayyar da yake tashe a lokacin. Ya zana musu siffar irin mutumin da yake ganin zai aikata haka. Suka duba, idonsu ya faɗa kan wani Colin Stagg, marar aikin yi, wanda yake zaune shi kaɗai a kusa, yake fita yawo da karensa a filin. Ya yi kama da siffar. Amma babu wata shaida ta kimiyya, ko jini ko zanen yatsa, da ta haɗa shi da kisan.

Maimakon rashin hujja ya sa su ja da baya, sai suka ɗana tarko da shawarar masanin. Wata 'yar sanda ta ɓad da kama da sunan Lizzie James. Ta shafe watanni tana rubuta wa Stagg wasiƙu, tana kiransa a waya, suna haɗuwa, tana nuna masa so, tana jan shi da zantukan batsa da na zubar da jini, tana nuna masa cewa ba za ta yarda da shi ba sai in shi ma ya taɓa aikata irin wannan ta'asa. Mutumin bai taɓa cewa shi ya kashe Rachel ba. Duk da haka aka gurfanar da shi, ya yi sama da shekara a tsare.

A Satumban 1994 Mai shari'a Ognall ya yi watsi da shaidun da aka samo ta wannan hanya, ya ce yaudara ce ta ƙin ƙarawa, aka sallami Stagg. Sallamar kotu ba ta wanke shi a idon jama'a ba. Shekara da shekaru wasu jaridu suna nuna shi a matsayin wanda ya kashe rai ya sha.

Ga inda abin ya fi ciwo. Wanda ya yi kisan, Robert Napper, yana nan yana yawonsa. Tun 1989 mahaifiyarsa ta kira 'yan sanda ta ce ɗanta ya faɗa mata ya yi wa wata mata fyaɗe, ba a bi maganar ta kai ko'ina ba. A wani binciken fyaɗe an neme shi ya zo a ɗebi jininsa, bai zo ba, daga baya aka cire sunansa wai ya fi tsawon da shaidu suka kwatanta. A Nuwamban 1993, Stagg yana kulle, Napper ya shiga gidan Samantha Bisset a Plumstead ya kashe ta, ya kashe 'yarta Jazmine mai shekara huɗu.

Zanen yatsa ne ya kama Napper a kisan Bisset. Gwajin DNA, wato ƙwayoyin halittar da mutum yake gada daga iyayensa, shi ne ya haɗa shi da kisan Rachel bayan shekaru masu yawa, ya amsa laifinsa a kotu a Disamban 2008. A shekarar ce aka biya Stagg diyyar fam 706,000, 'yan sanda suka ba shi haƙuri. Ƙarar ladabtarwa da aka kai Britton gaban ƙungiyar masana halayya ta Birtaniya an kore ta a 2002 saboda an ja lokaci, don haka ba zan yanke masa hukuncin da ƙungiyarsa ba ta yanke ba. Amma ko makaho ya shafa ya ji inda hanya take: kiran wata uwa da ta kai ƙarar ɗan cikinta, da jinin da aka ce a kawo ba a kawo ba. Aka bar waɗannan aka bi siffa, yarinya 'yar shekara huɗu ta biya da ranta.

To mene ne yake kama su?

A ɗauki Peter Sutcliffe, direban babbar mota da ya kashe mata 13 a arewacin Ingila tsakanin 1975 da 1980. Sau tara 'yan sanda suna yi masa tambayoyi suna sakinsa. Bayanan bincike a kan katuna aka rubuta su, suka taru har sai da aka ƙarfafa daɓen ofishin don kada ya rufta, babu mai iya haɗa wannan kati da wancan. Sannan wani ya aiko da kaset na ƙarya yana cewa shi ne mai kisan, da karin harshen mutanen Sunderland. Manyan masu bincike suka ɗauka dole mai kisan ya kasance da wannan karin harshe. Sutcliffe mutumin yankin Bradford ne, sai aka tsallake shi. A Janairun 1981 wasu 'yan sanda biyu masu sintiri a Sheffield suka lura lambar motarsa ta bogi ce, ƙarshensa ke nan. Darasin da Ingila ta ɗauka shi ne ta gina rumbun kwamfuta na haɗa bayanan manyan bincike.

A New York, a 1977, takardar tarar ajiye mota inda aka hana ce ta kai 'yan sanda ga David Berkowitz, mai kisan ɗauki-ɗai-ɗai. Ted Bundy kuma, shi ma irin wannan mai kisa, ɗan sanda ne ya tsayar da motarsa cikin dare a jihar Utah a 1975, ya ga kayan da hankalinsa bai kwanta da su ba. Dennis Rader ya kashe mutum 10 a yankin Wichita na jihar Kansas daga 1974 zuwa 1991, ya yi shekara talatin ba a kama shi ba, sai a 2005 da ya aika wa wani gidan talabijin faifan kwamfuta, masu bincike suka tono sunan cocinsu da sunansa na farko a ciki. Shi ne shugaban kwamitin cocin. Joseph DeAngelo, mai kisan California, wanda aka kama a 2018 ta hanyar bin DNA na danginsa, tsohon ɗan sanda ne.

Harold Shipman likita ne da mutanen garin Hyde suke ƙauna. Kwamitin bincike ya tabbatar ya kashe aƙalla marasa lafiya 215. Abin da ya tona shi a 1998 shi ne 'yar wata tsohuwa da ya kashe lauya ce, ta kalli wasiyyar da aka ce mahaifiyarta ta bari ta ce wannan ba aikin mahaifiyata ba ne.

Shugaban kwamitin coci, tsohon ɗan sanda, likitan unguwa. Hausawa sun riga sun faɗa, mugu ba shi da kama. Kuma a cikin waɗannan duka babu wanda aka kama don wani ya karanta zuciyarsa. Lambar mota ce, takardar tara ce, sa hannun jabu ne, da mutumin da ya ga abu bai yi shiru ba.

"Amma ai FBI ba za ta ɓata kuɗinta a banza ba"

Wannan ita ce amsar farko da ake ba ni. Gaskiya ne wannan hukuma ta binciken manyan laifuka a Amurka tana da sashen nazarin halayyar masu laifi a Quantico ta jihar Virginia tun 1972. Daga ƙarshen shekarun 1970 jami'anta irin su John Douglas da Robert Ressler suka riƙa shiga gidajen yari suna hira da masu kisa, har mutum 36. Daga nan aka fito da rabon da ya shahara: akwai mai kisa mai tsari, akwai marar tsari, kuma wurin da aka yi kisan zai nuna maka wanne ne, daga nan ka san irin rayuwarsa.

Mutum 36 ne fa, waɗanda suka ga damar yin magana, kuma yawancinsu gwanayen ƙarya ne masu son a ji da su. A 2004 David Canter, wanda shi kansa masanin halayya ne, ya haɗu da abokan aikinsa suka gwada wannan rabo a kan kisan masu kisan ɗauki-ɗai-ɗai 100 na Amurka. Ba su samu gida biyun ba. Alamomin tsari da na rashin tsari a cakuɗe suke a wuri guda.

Tun kafin nan, a 1995, wani ɗan sandan Landan mai suna Gary Copson ya bi diddigin lokuta 184 da 'yan sandan Birtaniya suka nemi irin wannan shawara. A biyar kacal ne shawarar ta kai ga gano mai laifi. Abin mamakin shi ne fiye da kashi 80 cikin 100 na jami'an sun ce ta amfane su.

Ta yaya abin da bai kai ka ga mai laifi ba zai gamsar da kai haka? Wani masanin, Laurence Alison, ya yi gwajin da ya amsa wannan. Ya ba jami'ai hasashe guda ɗaya. Wasu ya haɗa musu da bayanin mai laifin na gaskiya, wasu kuma ya haɗa musu da bayanin wani mutum daban da aka ƙirƙira. Ɓangarorin biyu duk suka ce hasashen ya dace da mutuminsu.

Duk wanda ya taɓa raka wani wurin mai duba ya san wannan dabara. Zai buga ƙasa ya ce, "Akwai wata mace a danginku, ba fara ba ce can, ba kuma baƙa ba, tana yi miki dariya amma zuciyarta ba ta tare da ke." Wace mace ce za ta koma gida ba ta samu wadda ta dace da wannan ba? Ita ce za ta cike giɓin da kanta, sannan ta ce malam ya gani. Hasashen da ya ce mai kisan yana iya zama mai aure ko wanda aurensa ya mutu, mai kunya amma mai iya jan hankalin mata, haka yake aiki a ƙwaƙwalwar ɗan sandan da ya riga ya sa ido a kan wani.

Hatta labarin da ake kafa hujja da shi a matsayin mafarin wannan sana'a yana da sauran bayani. George Metesky ya shafe shekaru 16 yana dasa bama-bamai a New York. Likitan ƙwaƙwalwa James Brussel ya ce idan aka kama shi za a same shi da kwat mai maɓallai layi biyu, ya sa maɓallan. Da aka je kama shi a Janairun 1957 an tarar da shi da kayan barci, ya shiga ya canza, ya fito da irin wannan kwat. Wannan ake ta maimaitawa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wata ma'aikaciyar kamfanin wutar lantarki na Con Edison mai suna Alice Kelly ce ta gano shi, ta hanyar tonon tsofaffin fayilolin ma'aikatan da suka yi rigima da kamfanin. Kwat irin wannan kuwa ita ce tufar mazan zamanin.

"Kana nufin bai taɓa amfani ba?"

Ya taɓa, kuma ba zan ɓoye ba. A 1986 'yan sandan Landan da kewaye suna neman mai fyaɗe da kisa a kusa da tashoshin jirgin ƙasa. David Canter ɗin nan ya taimaka musu, bayaninsa ya sa suka mai da hankali kan John Duffy, wanda sunansa yake can ƙasa a jerin mutum kusan dubu biyu.

Sai dai a duba yadda ya yi. Taswira ya shimfiɗa, ya sa alama a wuraren da aka kai hare-haren da lokutansu, ya yi lissafin cewa mai laifi yakan fara ne kusa da gida kafin ya yi nisa. Ya nuna yankin da ya kamata a duba. Jerin sunayen kuwa 'yan sanda ne suka tara shi da guminsu, kuma shaidun kimiyya da na waɗanda suka tsira ne suka ɗaure Duffy a kotu. Idan aikin masani shi ne ya ce a fara duba nan kafin can, ina maraba da shi. Amma wannan aikin taswira da lissafi ba ya cika ido a talabijin, shi ya sa ake maye gurbinsa da mutum mai lumshe ido yana jin abin da mai kisa ya ji.

"Haba, fim ne fa, nishaɗi ne kawai"

Wannan ce amsar da ta fi yawa, kuma ita ce na fi ƙin yarda da ita. Abin da mutum yake kallo dare da rana yana zame masa ma'auni, ko ya sani ko bai sani ba.

A Oktoban 2002, lokacin da ake harbe mutane daga nesa a kewayen birnin Washington, gidajen talabijin sun cika da masana suna hasashe. Yawancinsu sun ce farar fata ne, shi kaɗai. Jama'a da 'yan sanda suka zuba ido kan farar motar ɗaukar kaya. Waɗanda suka kashe mutum 10 a makonni ukun nan mutum biyu ne baƙar fata, John Allen Muhammad da Lee Boyd Malvo, a cikin tsohuwar shuɗiyar mota ƙirar Chevrolet Caprice, wadda 'yan sanda suka ci karo da ita fiye da sau ɗaya suka bar ta ta wuce. Zanen yatsan Malvo da aka samu a wani wurin fashi a Alabama ne ya warware ƙullin.

Mu a nan ba sai an ba mu labarin illar hukunta mutum da siffarsa ba. A Maris ɗin 2025 a Uromi ta jihar Edo aka tare mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah, aka ga bindigogin farauta, aka ga kamanninsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16. Ba fim ne ya jawo wannan ba, kuma ba na ɗora masa. Amma tunanin iri ɗaya ne: irin waɗannan mutane su suke aikata irin wannan laifi, wannan yana cikinsu, don haka shi ne. Fim ɗin yana ɗaukar wannan tunani ya sa shi a bakin mai digiri, mai kallo ya ji ashe ilimi ne. Tun muna yara ake gaya mana zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma shari'armu ta ɗora hujja a kan mai da'awa. Bai kamata mu saki wannan ba don an nuna mana zato cikin kwat da gilashi.

Akwai kuma zaluncin da ake yi wa masu taɓin hankali. A fim, kusan kullum mai kisa yana da wata cuta a ƙwaƙwalwa da masani zai kira sunanta. Ana samun haka, Napper ma yana da ita, shi ya sa yake tsare a asibitin masu taɓin hankali na Broadmoor. Amma Rader da Shipman da DeAngelo kotu ta hukunta su a matsayin masu cikakken hankali. Bayin Allah da muke gani suna kwana a bakin kasuwa su ake jifa, su ake yi wa fyaɗe, su ake ɗaurewa da mari. Najeriya ba ta sauya tsohuwar dokarta ta 1958 kan masu taɓin hankali ba sai a 2023. Ƙasar da ke wannan hali ba ta buƙatar a ƙara koya wa 'ya'yanta cewa marar lafiyar ƙwaƙwalwa abin tsoro ne.

Mai kisan ba gwani ba ne

Ƙarya ta biyu da finafinan suke yi tana ɗaure da ta farko. Don masani ya fito gwani, dole abokin karawarsa ma ya zama gwani. Sai a nuna mai kisa mai kaifin basira, mai barin alamomi da gangan, mai wasa da hankalin hukuma. Waɗanda aka kashe kuma gawarwaki ne kawai a kan tebur, ba a ma riƙe sunansu zuwa kashi na gaba.

Samuel Little ya amsa cewa ya kashe mutum 93 a Amurka tsakanin 1970 da 2005, FBI ta tabbatar da fiye da rabinsu. Ba shi da wata basira ta musamman, an sha kama shi kan wasu laifuka ana sakinsa. Abin da ya sani shi ne wanda zai zaɓa: mata matalauta, da yawansu baƙar fata, masu zaman kansu ko masu shaye-shaye, waɗanda in sun mutu za a rubuta cewa ƙwaya ce ta kashe su a rufe fayil. DNA ne ya tona shi bayan an kama shi kan laifin ƙwaya a 2012. Masu irin wannan kisa suna daɗewa ne saboda suna ɗaukar mutanen da babu mai ƙirga su.

Mun ga haka a gida. A 2019 aka riƙa tsintar gawarwakin mata a ɗakunan otal a Fatakwal, an shaƙe su. Da farko zancen ya karkata kan me ya kai su otal, har sai da mata suka fito zanga-zanga a titi suna cewa ko wace ce ita, rai rai ne. Hoton kyamarar tsaro ta wani otal ne ya nuna fuskar Gracious David-West, hoton ya bazu a waya, aka kama shi a Satumban shekarar, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Oktoban 2020. Kyamara ce da matsin lambar mata suka yi aikin.

A garuruwanmu su wa ke cikin wannan layi? Almajirin da iyayensa suke ƙauye ba su san ya ɓata ba sai bayan wata biyu. 'Yar aikatau da uwar ɗakinta za ta ce guduwa ta yi. Yarinya mai talla. Matar da ta bar gida, danginta suna jin kunyar zuwa caji ofis su faɗi sunanta. Idan mutum guda yana ɗaukar irin waɗannan a Kano da Kaduna da Zariya, wa zai lura cewa hannu ɗaya ne, alhali kowane ofishin 'yan sanda da littafinsa, kuma babu mai duba na wani?

Abin da ya kamata mu nema

Ko da za a kawo mana masanin da ya fi kowa a duniya yau, da me zai yi aiki? Kafin jami'i ya iso wurin da aka yi kisa, unguwa ta riga ta taru, an tattake sawu, an juya gawa, an ɗauki hoto an watsa a Facebook. Abin da ya rage sau da yawa shi ne a kamo wanda ake zargi a matsa shi ya amsa, a yi holensa gaban 'yan jarida. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa ko wani nasa, dokar 2017 kuma ta haramta azabtarwa. Aiki da su ne ya rage.

Wanda yake ganin amsa laifi ita ce ƙarshen magana ya tuna da Narborough a Ingila. An kashe 'yan mata biyu masu shekara 15, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986. Wani matashi ya amsa wa 'yan sanda cewa shi ya kashe ta biyun. Alec Jeffreys na jami'ar Leicester ya gwada sabuwar fasaharsa ta DNA, ta nuna ba shi ba ne. Karo na farko da aka yi amfani da ita a binciken kisa, marar laifi ta fara wankewa, kafin ta tabbatar da laifin Colin Pitchfork, wanda aka ɗaure a 1988.

Jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017. Jihohin Arewa su ma su yi, ko su haɗa kuɗi su yi guda ɗaya mai aiki. A samar da rajistar ɓatattun mutane wadda ɗan sandan Gusau zai iya dubawa ya ga abin da na Bauchi ya rubuta. A koya wa masu unguwanni da 'yan sintiri cewa aikinsu na farko a wurin gawa shi ne su kewaye wurin su hana kowa taɓawa. Masana halayya kuwa akwai aikin da ya fi dacewa da su kuma muke ƙishirwarsa: yadda za a yi wa yaron da ya ga kisa tambaya ba tare da an sa masa magana a baki ba, yadda za a saurari wadda aka yi wa fyaɗe, da tantance wa kotu lafiyar ƙwaƙwalwar wanda ake tuhuma.

Sai abu mafi nauyi a wurinmu, wato binciken gawa. Muna gaggauta sutura, kuma daidai ne, dangi ma ba sa son a taɓa mamacinsu. Amma manyan majalisun fiƙihu, har da ta Makka, sun halatta binciken gawa idan ana neman gano musabbabin mutuwa a shari'ar kisa. Wani abin ma ba ya buƙatar yanka: hoton raunuka, abin da ya maƙale a ƙarƙashin farce, tufafin da ke jiki, duk likita zai iya adana su cikin ɗan lokaci kafin a yi wanka. Wannan magana ce da ya kamata malamanmu su yi a kan mumbari, likitoci da 'yan sanda su zauna da su a tsara yadda za a yi ba tare da an jinkirta jana'iza ba.